Leƙa, Harba, Koma: Dabarar Da Ke Raba Gwani Da Ɗan Koyo

Hirarmu ta yau kan wasan harbin fenti ce, wanda Turawa ke kira paintball. An fara shi a shekarar 1981 a jihar New Hampshire ta Amurka, da irin bindigar da ake sa wa bishiyoyi da shanu alamar fenti. Yanzu akwai filayensa a Abuja da Legas. To, ɗan Kankia ko Kusada da karatu ko aiki ya kai ka can, kada ka shiga fili a mayar da kai abin atisaye.

A gasa, ƙwallon fenti ɗaya ya fashe a jikinka ko a bindigarka, ka fita ke nan. Shi ya sa gwani ba ya tsayawa a fili yana ɓarin ƙwallaye. Leƙowa yake daga maɓoya, ya harba ɗaya ko biyu, ya koma.

Na farko, ka saita tun kana ɓoye. Ka san inda abokin karawarka yake, ka ɗaga bindiga daidai ido kafin ka fito. Mai neman saiti bayan ya leƙo ya riga ya makara.

Na biyu, ka matse gwiwar hannu a jikinka, ka karkatar da mazubin ƙwallayen da ke saman bindiga zuwa ciki. Su ne suke fara tona maka asiri.

Na uku, ƙafafu su tsaya cak. Daga ƙugu za ka karkata, shi ya fi saurin dawowa.

Na huɗu, kada ka leƙo wuri ɗaya sau biyu a jere. Yanzu sama, anjima a durƙushe. Kuma ka koyi harbi da hagu, don wani gefen maɓoyar sai da shi.

Sai babban kashedi. Ƙwallon nan yana iya gudun ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya, kusan mita 90. Wallahi in ya sami ido, zai iya tafiya da shi. Ko gumi ya rufe gilashin, kada ka cire abin kare fuska sai ka bar fili. Wanda ka ga ya cire, ka ɗaga murya a tsayar da wasa.

Mu haɗu a shiri na gaba.