Kwalabe a Gaban Madubi



Yau zancenmu a kan tsoron tsufa ne. Ku leƙa gaban madubin amarya ko na uwargida. Kwalabe ne a jere. Wannan na safe, wannan na dare, wannan na goge tamoji, wancan na ƙara haske. Wani ko rabi bai kai ba an sayo sabo. Maza ma suna ciki, da rinin furfura.

Kwalliya ba laifi ba ce. Iyayenmu sun yi lalle, sun sa kwalli, sun shafa man kaɗe. Abin da ke damuna shi ne tsoron da ake sayar mana. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan mayukan bilicin. Wasunsu suna lalata ƙoda. Wasu suna cinye fata har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa.

To, ku ji wannan. A ƙasar Holan an yi wani mai zane, sunansa Rembrandt. Tun yana saurayi yake kallon madubi yana zana fuskarsa, har shekarar da ya rasu, 1669. A ɗaya daga cikin zane-zanensa na ƙarshe, ga kumatu sun saki, ga furfura, ga ƙasan ido ya kumbura. Bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya dubi kansa da gaskiya, kuma har yau mutane suna tsayawa gaban wannan tsohuwar fuskar a Landan.

'Yar'uwa, kafin ki ƙara sayen wata kwalba, ki duba lambar NAFDAC. In fatarki ta fara ƙonewa, ki je wurin likita.