Kula Da Tsofaffi A Gida: Aikin Wane Ne?



Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku yau. Batun da zan yi magana a kansa shi ne kula da tsofaffi, da sauran manya masu buƙatar taimako, a cikin gidajensu. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa samari da 'yan mata masu jini a jika da zancen tsufa? To, yawancinmu da ke zaune a nan, nan da shekara biyu ko uku za mu karɓi takardar kama aiki. A tura wannan Legas, a tura wancan Abuja, wata kuma aure ya kai ta Fatakwal. Iyayenmu kuwa suna can inda muka baro su, kullum ƙarfinsu yana raguwa. Saboda haka maganar tamu ce, kuma ta kusa zuwa kanmu.

Da farko ya kamata mu san irin aikin da ake nufi. Ba aikin likita nake magana a kansa ba, watau allura da rubuta magani. A shekarar 1963 wani likita a Amurka mai suna Sidney Katz ya tsara ma'auni na abubuwa shida da ake gane ko mutum yana iya riƙe kansa da su. Su ne wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga shimfiɗa zuwa wurin zama, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Bayan waɗannan akwai dafa abinci, wanki, cefane, shan magani a kan lokaci, da samun abokin hira. Duk wanda ya kasa ɗaya ko biyu daga ciki, ko tsufa ne ya kawo haka, ko shanyewar ɓarin jiki, ko makanta, ko haɗarin mota, yana buƙatar hannun wani kowace safiya da kowane dare. Wannan hidima ba ta da Juma'a, ba ta da Lahadi, kuma tana iya ɗaukar shekara goma.

A ƙasar Hausa ta dā, gandu ne ya ɗauki wannan nauyi. Maigida da 'ya'yansa maza da matansu suna gida guda, ana noma gona guda, ana ci daga rumbu guda. In tsoho ya gaza, akwai mai kai masa ruwan alwala, akwai mai dama masa kunu, akwai jikokin da za a aika. Da hantsi a fito da shi zaure ko dakali, masu wucewa su durƙusa su gaishe shi. Hannuwa sun yi yawa, shi ya sa ba wanda ya ji nauyin aikin har ya kira shi aiki.

Yau gandu ya watse a wurare da yawa. Gonaki sun rarrabu saboda gado, samari sun tafi birni, ma'aikaci yana zaune a gidan haya mai ciki da falo. Abin da mutum goma suke yi a dā, yanzu ya koma kan mutum ɗaya, kuma in muka duba da kyau za mu ga kusan kullum mace ce: ko matar ɗan da ya rage a gida, ko 'yar da aurenta ya mutu, ko wata tsohuwar da ita ma jikinta yake neman taimako, ko kuwa jika 'yar shekara goma sha biyu da aka ce ta je ta zauna wurin kaka, makaranta ta tsaya. Mu 'yan boko kuwa mukan aika da kuɗi ƙarshen wata, mu buga waya ran Juma'a, mu ɗauka mun sauke nauyi. Kuɗi yana da amfani ƙwarai, amma ba ya tashi da ƙarfe biyun dare ya riƙe tsoho zuwa bayan gida.

Wani zai ce ai tsofaffi ba su da yawa a ƙasarmu. Gaskiya ne waɗanda suka kai shekara 65 ba su wuce wajen kashi 3 cikin ɗari na jama'ar Nijeriya ba. Amma kashi 3 na mutum fiye da miliyan 200 ya haura mutum miliyan 6. Bugu da ƙari, ƙarancin tsawon rai da ake ambata mana, yawan mutuwar ƙananan yara ne yake jawo lissafin ƙasa. Wanda ya kai sittin yakan ƙara shekara goma sha wani abu a duniya.

Don mu ga inda wannan hanya take kaiwa, bari mu dubi wata ƙasa da ta riga mu bin ta, watau Japan. Na zaɓe ta ne domin al'adarta ta dā ta yi kama da tamu a wannan fanni. A can ma babban ɗa ne yake zama da iyaye, matarsa ce take yi musu hidima, kuma abin kunya ne a ji an kai tsoho wani wuri. A 1972 wata marubuciya mai suna Ariyoshi Sawako ta fitar da littafin labari a kan wata ma'aikaciya da ɗawainiyar surukinta mai gigin tsufa ta faɗo a kanta. Littafin ya sami karɓuwa matuƙa, domin ya faɗi abin da mata da yawa suke fama da shi a ɓoye. A 1973 gwamnati ta mai da maganin asibiti kyauta ga waɗanda suka kai shekara 70. Sai iyalan da suka gaji suka riƙa kai tsofaffinsu asibiti suna kwana da kwanaki, wasu har watanni, ba don wata cuta mai buƙatar gado ba, sai don babu mai duba su a gida. Kuɗi ya yi ta zuba, tsofaffin kuma suna ta lalacewa a kwance.

Ganin haka, a 1989 aka fito da shirin shekara goma wanda a cikinsa aka ƙudurta samar da masu hidimar gida 100,000. A 1997 majalisa ta zartar da dokar inshorar kula da tsofaffi, ta fara aiki a watan Afrilu na 2000. Tsarin shi ne, duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan wani abu, gwamnati kuma tana kawo rabin kuɗin daga haraji. In wanda ya kai 65 ya fara gazawa, sai jami'in ƙaramar hukuma ya zo gida ya auna abin da yake iyawa da wanda ba ya iyawa, a ji ta bakin likitansa, sa'an nan a sa shi a ɗaya daga matakai bakwai. Daga nan wani ƙwararre ya tsara masa jadawali: mai hidima ya zo ya yi masa wanka, ya dafa abinci, ya share ɗaki, wasu ranaku a kai shi wurin yini ya haɗu da tsararrakinsa, in iyali suna son hutu a karɓe shi na 'yan kwanaki. Yawancin mutane kashi 10 cikin ɗari kaɗai suke biya na kuɗin hidimar, masu hali su biya 20 ko 30.

Akwai abu guda da aka yi muhawara mai zafi a kansa. Jamus, wadda ta fara irin wannan inshora a 1995, tana ba tsoho zaɓi: ko a turo masa ma'aikaci, ko a ba shi kuɗi ya sallami ɗan'uwan da yake yi masa hidima. Japan ta ƙi bin hanyar ba da kuɗi, kuma ƙungiyoyin mata suna cikin waɗanda suka fi nuna adawa da ita, don suna tsoron kada a ba iyali 'yan kuɗi kaɗan a ƙara ɗaure matar ɗa a gida. Ko wanne ne ya fi daidai, ƙasashen biyu sun yarda da magana guda, cewa kula da tsoho aiki ne mai daraja da farashi, kuma bai kamata a jibga shi a kan mace ɗaya ba.

Kada a ɗauka Japan ta huta. A 2023 wajen kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65. Kuɗin shirin ya ninka wajen sau uku tun da aka fara shi, ma'aikata sun yi ƙaranci har ana ɗauko su daga Indonesiya da Filifin da Biyetnam, kuma duk shekara mutum wajen 100,000 suna barin aiki don su yi jinyar iyayensu, galibinsu mata. In mai arziki ya sha wannan wuya, mu sai mu yi hattara.

A nan gida, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, a 2021 kuma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Wannan mataki ne mai kyau. Amma fanshon da aka yi wa gyara a 2004 an gina shi ne a kan masu albashi, alhali yawancin iyayenmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da matan gida. Ba mu da inshora irin ta Japan, kuma ba na tsammanin aljihun ƙasar zai ɗauke ta nan kusa. Hidimar za ta ci gaba da zama a gida, wanda kuma shi ne abin da tsofaffinmu suke so. Abin da ya rage mana shi ne mu gyara yadda ake yin ta. Ga shawarwarina.

Na farko, 'ya'ya su zauna su raba aikin tun kafin tsoho ya kwanta, domin tun ran gini ran zane. A faɗa a fili wa zai kawo kuɗi, wa zai kwana, wa zai kai asibiti, wa zai karɓi mai hidima in ta gaji. Maza su sani da su a ciki. A al'adarmu akwai kunya tsakanin suruki da matar ɗansa. Tana iya dafa masa abinci, amma ba za ta yi masa wanka ba. In ɗansa yana ganin ya fi ƙarfin wannan aiki don ya yi digiri, to tsohon zai kwana cikin ƙazanta yana ɓoyewa.

Na biyu, wadda take hidimar a ba ta haƙƙinta. A yanka mata wani abu duk wata, ko da 'yar'uwa ce, a kuma ba ta ranar hutu. Wadda ta shekara ba ta yi barci cikakke ba za ta fara tsawa, daga tsawa kuma sai abin da ya fi tsawa. Sa'an nan kada a fitar da yarinya daga makaranta saboda kaka. Gyara tsufan mutum ɗaya ta hanyar ɓata ƙuruciyar wani ba dabara ba ce.

Na uku, aikin yana da ilmi, a neme shi. Wanda ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da dunduniya ta ɓare ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a lokacin bazara a riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba. Wanda haɗiya take yi wa wuya a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, don kada ya shaƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 sukan faɗi a kowace shekara, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho har ƙarshen ransa. Maganin wannan ba shi da tsada: fitila a hanyar bayan gida, ƙarfen dafawa a bango, kujera mai rami maimakon tsuguno, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe. Gigin tsufa kuma cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Tsohuwar da ta manta sunan ɗanta, ko take fita da dare tana surutai, ba mayya ba ce, kuma ba da gangan take yi ba. A kai ta wurin likita, a yi haƙuri da ita.

Na huɗu, in ya kama a ɗauki mai hidima na kuɗi, babu abin kunya a ciki. A nemi wanda aka san asalinsa, namiji ga namiji, mace ga mace, a yanke albashi a biya a kan kari, wani daga cikin dangi kuma ya riƙa leƙowa ba tare da sanarwa ba. Mai hidima taimako ne ga 'ya'ya, ba ya maye gurbinsu, gama zumunci a ƙafa yake.

Na biyar, a riƙa tambayar tsohon kansa. Mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe da gida, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne a riƙa yanke shawara a kansa yana zaune kamar kaya. Abin da yake iya yi da hannunsa a bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci, domin gaɓar da aka daina mora ita take fara mutuwa.

Ga waɗanda za su shiga aikin gwamnati ina da roƙo na musamman. Wata rana takardu za su biyo ta teburinku. Ku tuna makarantun koyon aikin lafiya da ke jihohinmu suna iya horar da matasa wannan sana'a cikin 'yan watanni, a sami aikin yi, a sami masu hidima da suka san abin da suke yi. Ku tuna sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma yana iya sanin adadin tsofaffin da ke zaune su kaɗai a kowace unguwa ta hannun masu unguwanni. A Japan doka ta ba ma'aikaci hutun kwana 93 don ya tsara jinyar danginsa. Babu abin da zai hana a yi tunanin irinsa a dokokin aikinmu. Ita kuma ƙungiyarmu, ina ba ta shawara ta sa ziyarar tsofaffin da Allah bai ba haihuwa ba cikin ayyukanta na hutu, domin su ne ba su da wanda zai zauna ya raba aiki saboda su.

Jama'a, in an yi hutu kowa ya koma gida, ina roƙon ya duba da idonsa ya ga wace ce take ɗebe fo, wace ce take wanke zanen gado, ya tambaye ta yaushe rabonta da hutawa. Daga amsar da za ta ba shi zai san inda ya kamata ya sa hannu.

 Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.