Abotar Birni da Ƙauye a Wasan Yara na Telebijin



Zan yi magana ne a kan wasan Heidi, wanda aka fara nunawa a telebijin a Japan cikin 1974, kashi 52. Isao Takahata ya shirya shi daga littafin Johanna Spyri, 'yar ƙasar Suwizalan, wanda ya fito a 1880.

Heidi marainiya ce, tana zaune da kakanta a kan duwatsu, tana bin Peter kiwon awaki. Aka ɗauke ta aka kai birnin Frankfurt don ta ɗebe wa Clara kewa, 'yar attajiri wadda ba ta iya tafiya. A can ta koyi karatu, amma begen gida ya kwantar da ita. Da ta koma, sai ta riƙa karanta wa kakar Peter, tsohuwa makauniya. Daga baya Clara ta je duwatsun, a can kuwa ta taka ƙafafunta.

Ku lura, kowane ɓangare ya ba da abin da yake da shi, ya kuma karɓa. Mu fa? Yawancinmu daga ƙauye muka fito, iyaye suka sayar da amfanin gona aka yi mana ɗawainiya. Wa muka koma muka karanta wa wasiƙa? In an tura ma'aikaci ƙauye, sai ya ce an hukunta shi.

Kafin su zana wasan, sai da masu shirya shi suka je Suwizalan a 1973, suka gani da idonsu. Wanda zai rubuta wa ƙannenmu wasa a cikinmu, ya fara yin damina guda a ƙauye.