Amsar Wasiƙunku: Bambancin Furobayotik Da Enzayim

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa. Ya ce duk sa'ad da ya sha madara sai cikinsa ya kumbura ya yi ta ƙugi. Da ya je kemis aka nuna masa kwalabe biyu, ɗaya furobayotik, ɗaya enzayim, aka ce kowanne maganin ciki ne. Shi ne yake so a bayyana masa bambancinsu kafin ya kashe kuɗinsa.

To Malam, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice dai, enzayim kayan aiki ne marar rai da ke narkar da abinci, furobayotik kuwa halittu ne masu rai.

Bari mu fara da enzayim. Sinadari ne da jikinka ke yi da kansa don ya daddatsa abinci, kamar yadda turmi da taɓarya ke yi wa hatsi. Kowane iri da abin da yake narkarwa. Na cikin yawu, watau amilas, sitaci yake kamawa, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya soma zaƙi. A tumbi akwai fefsin mai narkar da nama, wanda Bajamushe Theodor Schwann ya gano a 1836. Sai wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke zubo masu narkar da kitse da sitaci da furotin cikin ƙaramin hanji. Shi kansa ƙaramin hanjin yana yin wani mai suna laktas, wanda aikinsa shi ne fasa sukarin da ke cikin madara.

Nan ne wasiƙarka ta dosa. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya laktas ɗinsu na raguwa bayan yaye, ko da yake Fulani makiyaya na cikin waɗanda akasarinsu ke riƙe shi har girma. In ya yi ƙaranci, sukarin madara sai ya wuce babban hanji ba a narke ba, ƙwayoyin bakteriya su ci shi su fitar da iska. Ga kumburi, ga ƙugi, wani lokaci har da zawo. Mai irin wannan, ƙwayar laktas yake haɗiya tare da kurɓin farko na madara. Aikinta na wannan cin ne kawai, gobe in zai sake sha sai ya sake haɗiyar wata.

Akwai kuma waɗanda fankiriyas ɗinsu ya lalace, su rame, bayan gidansu ya riƙa fita da maiƙo. Su likita ke rubuta wa enzayim, su sha da kowane abinci. Ya kamata a sani irin wannan daga jikin alade ake ciro shi. Wanda abin ya dama ya tattauna da likitansa da malaminsa, kada ya daina sha da kansa. Shi kuwa laktas na kemis galibi daga wani irin naman gwari ake samo shi.

Yanzu sai furobayotik. Babban hanjin ɗan Adam cike yake da bakteriya, wani ƙiyasi na 2016 ya ce sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum. Da yawansu masu amfani ne, suna cin dusar abinci da muka kasa narkarwa, suna kuma hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama. Tun a 1907 wani masani ɗan Rasha, Élie Metchnikoff, da ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya yi hasashen cewa nono mai tsami da manoman Bulgeriya ke sha na da hannu a tsawon ransu. A 2001 ne ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fayyace ma'anar furobayotik: halittu masu rai da ke amfanar lafiya in an sha su daidai gwargwado. Sunayen da za ka fi gani a jikin kwalba su ne Lactobacillus da Bifidobacterium.

Su waɗannan 'yan ci-rani ne a hanji. Sukan ɗauki kwanaki kafin a ga tasirinsu, in kuma aka daina sha, yawancinsu sukan ɓace. Inda aka fi ganin amfaninsu shi ne rage zawon da kan biyo bayan shan antibayotik, saboda maganin na kashe ƙwayoyi masu kyau tare da miyagu. Amma kada talla ta ruɗe ka. A 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar ba da su ga yawancin cututtukan ciki. A 2023 kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi kan ba jarirai bakwaini, don suna iya shiga jini. Haka duk mai raunin garkuwar jiki, kada ya sha sai da iznin likita.

Kazalika, tun da masu rai ne, zafi na kashe su. Kwalbar da aka ce a ajiye a firji, in ta kwana biyu a kanta cikin zafin bazara, mai yiwuwa gawa ka saya. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

To Malam, ga shawara mai sauƙin kuɗi. Ka bar madara har mako biyu ka gani. In cikin ya lafa, ka gwada kindirmo kaɗan, don bakteriyar da ta tsamar da shi ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin, ga ta kuma da ranta a ciki. Sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, kuma ruwan da aka dama fura da shi mai tsabta ne. In ka matsu da madara, to laktas ne naka.

Daga ƙarshe muna jan hankalin iyaye mata: yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari yake bukata, da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Haka nan babu ɗaya cikin biyun nan da ke warkar da gyambon ciki. Wanda ya ga jini ko baƙin bayan gida, ko yana rama ba dalili, ko yana amai ba ƙaƙƙautawa, ya nufi asibiti, ya bar kemis.

Da fatan ka gamsu. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.