KOYON AIKIN KUƊI: A GIDA KO A ƘASAR WAJE?

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Sau da yawa uba yakan zo ƙofar hakimi neman shawara a kan ɗansa, wanda ya gama sakandare yana son aikin akanta ko na banki: a kai shi ƙasar waje, ko kuwa ya yi karatu a gida? Magana ce mai nauyi, domin galibi gona ce ko shanu za a sayar a biya, a gaban hakimi za a ƙulla cinikin, malaminsa ne kuma zai rubuta takarda.

Da farko dai a san aikin kuɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. A nan aka fara kafa baitulmalin En'e a Arewa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya rasu a 1944. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Aikin Mulki, aka haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Amma a wancan lokaci mai neman takardar ƙwararren akanta tilas ya nemi ta Ingila. Can Akintola Williams ya sami tasa a 1949. Aliyu Mai Borno, wanda ya shugabanci Babban Bankin Nijeriya daga 1963 zuwa 1967, a Jami'ar Bristol ya karanta ilmin tattalin arziki, amma sai da ya yi aikin koyarwa a gida tukuna.

Yau al'amari ya sake. Tun 1965 aka kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN, ta biyu kuma, watau ANAN, ta sami izinin hukuma a 1993, kuma dukansu a ƙasar nan suke yin jarrabawarsu. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, ga Zariya nan kusa ta hanyar Funtuwa. Sanusi Lamido Sanusi, Gwamnan Babban Banki daga 2009 zuwa 2014, a Zariya ya karanta tattalin arziki.

Akwai abubuwa uku da ya kamata hakimi ya nuna wa uba.

Na ɗaya, kuɗi. Makarantun waje da fam ko dala ake biyansu, manomi kuwa da naira yake sayar da masararsa. A farkon 2023 dala ɗaya tana kusa da naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya shirya kuɗin shekara uku sai ya tarar na shekara ɗaya ke hannunsa. Ga shi kuma a ƙasashen nan uku 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu, wadda ta rage ita ce abincin gida.

Na biyu, takarda. Ba kowace makarantar waje hukuma ke yarda da ita ba. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo saboda takardun jabu. Lalle a bincika a Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya kafin a biya ko kwabo.

Na uku, aikin kansa. Hanyar tsara lissafi kusan ɗaya ce ko'ina, amma dokar haraji da ta kamfanoni kowace ƙasa da tata. Wanda ya koyi ta Ingila, in ya komo sai ya zauna ya koyi ta Nijeriya.

Ba a ce tafiya waje ba ta da amfani ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, akwai kuma fannoni masu zurfi da suka fi samuwa a can. Sai dai lokacinta shi ne bayan yaro ya sami digirinsa da takardar ƙwarewa a gida, ya taɓa aiki, ya san abin da zai je nema, kana ya nemi tallafin karatu na gwamnati ko na wurin aikinsa.

Saboda haka idan aka kawo cinikin gona don karatun waje, malami ya dakata da alƙalami, hakimi ya tambayi sunan makarantar, da jimlar kuɗin dukan shekarun, da abin da iyali za su ci in an sayar. In amsa ba ta gamsar ba, ya ba da shawara yaro ya fara a gida. Allah ya ƙara wa hakimai basira, amin.