Sarki Hezekiya da Ruwan Birni

Karatu: 2 Sarakuna 20:20, 2 Tarihi 32:1-4, 30



Da Assuriyawa suka tasam ma Urushalima, Hezekiya bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Ya yi shawara da fadawansa, jama'a da yawa suka fito aka toshe maɓuɓɓugan bayan gari, don kada abokan gāba su sami ruwa. Ya kuma karkato ruwan Gihon zuwa cikin birni. Ramin da aka fafe cikin dutse ya fi mita 500, har yau ruwa yana bi ta cikinsa. Littafi Mai Tsarki ya lissafta wannan cikin manyan ayyukan sarkin.

To, mu dawo gida. Yawancin ruwan famfon Bauchi daga dam ɗin Gubi yake zuwa. Sai an tace shi, an zuba magani, injuna su turo shi ta bututu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen gyaran ruwan birane a jihohi uku, har da Bauchi. Rance fa, ba kyauta ba. Hakkinmu ne mu tambayi masu mulki inda aikin ya kai, kuma hakkinsu ne su amsa.

Amma mu fa? Wani yakan ce, ruwa na Allah ne, don me zan biya? Gaskiya ne, Allah ne mai ruwa. Sai dai man injin da albashin ma'aikaci kuɗi ne. Mutumin nan kuwa kullum yana biyan mai garuwa, bai taɓa yi masa wannan wa'azi ba! Wani da dare zai huda bututu ya ja ruwa gidansa, ran Lahadi ga shi a kujerar gaba. Ta wannan huda ƙazantar kwata take shiga ruwan maƙwabta. A 2021 jiharmu tana cikin waɗanda amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna, kuma cutar ba ta tambayi addinin kowa ba.

Ɗan'uwa, in ka ga bututu ya fashe a Yelwa ko Wunti, kada ka tsallake ka wuce. Kai rahoto ga hukumar ruwa, kai da mai unguwa. In ba su zo ba, ku koma.

Bari mu yi addu'a.