Kalmar yau: KAURARA

Ku ɗauko allo da alli, ko takarda da alƙalami. Kalmarmu ta yau tana da gaɓa 3: kau-ra-ra. Haruffanta 7 ne. Ku rubuta ta a hankali, ku karanta da ƙarfi: kaurara.

Uwar wannan kalma ita ce kauri. Kowa ya san kauri. Igiyar rijiya tana da kauri, zaren ɗinki ba ya da shi. Tuwo ya fi kunu kauri, kunu ya fi ruwa. To, kaurara ita ce a sa abu ya yi kauri. Uwargida ta ga miya ta yi ruwa, sai ta barbaɗa garin kuka tana kaɗawa da maburgi: ta kaurara miya ke nan. Magini ya ƙara ƙasa da ciyawa cikin kwaɓi: ya kaurara kwaɓi.

Hausa tana da hanyarta ta gina irin wannan kalma. Ku saurara: zafi, zafafa. Zurfi, zurfafa. Faɗi, faɗaɗa. Kauri, kaurara. Baƙin ƙarshe ne ake maimaitawa. Wanda ya gane wannan ya iya karanta kalmomi da yawa ba tare da an koya masa ba.

Yanzu ku dubi harafin farko da kyau. K ce miƙaƙƙiya, ba ta da lanƙwasa a kai. In kuka lanƙwasa ta, ta zama ƙ, magana ta sake. Kauri daban, ƙauri daban. Ƙauri shi ne warin abin da ya ƙone, kamar tsumma ko gashi ko gindin tukunya. Mutum ya bar wa matarsa takarda yana so ya ce kunu ya yi kauri, sai ya rubuta kunu ya yi ƙauri. Kun ga ya jawo wa kansa magana a gida, kuma laifin ɗan lanƙwasa guda ne.

Kada kuma a haɗa kaurara da daskarewa. Man shanu yana daskarewa da sanyi, ba wanda ya ƙara masa kome. Danƙara kuwa da ƙarfi ake yi, kamar a danna hatsi cikin buhu. Mai kaurarawa ko dai ya ƙara gari, ko ya bar ruwa ya rage bisa wuta. Kishiyar kauri ita ce tsinkewa: kunu ya tsinke, ya zama tsararo.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓi wannan kalma. Iyaye mata, wannan taku ce, amma maigida ma ya kasa kunne, don shi ke sayo gyaɗa da mai.

Jariri nonon uwa kaɗai yake bukata har wata 6. Daga nan sai a fara ba shi kunu, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2. A gidaje da yawa ana tsinka kunun nan ƙwarai, wai don ya wuce a maƙogwaro da sauƙi. Niyyar mai kyau ce, amma akwai asara a ciki. Cikin yaro ƙarami ne, a wannan lokaci bai fi ƙaramin kofi guda ba. In an cika shi da tsararo, da ruwa aka cika shi. Yaro ya ƙoshi, ya yi barci, uwa ta yi murna. Ranar awo a gidan likita sai a ga nauyinsa bai ƙaru ba, a rasa dalili, alhali kullum yana shan kunu.

Yaya za ki san kunu ya yi kaurin da ya kamata? Ki ɗebo da cokali, ki karkata shi. In ya zube nan da nan kamar ruwa, ya tsinke. In ya tsaya, yana gangarowa a hankali, ya yi. Ki kaurara shi da abin da ke gina jiki: garin hatsi, da garin wake soyayye, ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, ko tunkuza da aka daka aka tankaɗe. Ki sa ɗan cokali na mai. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9, sau 3 ko 4. A ba shi da cokali mai tsabta, da haƙuri, kada a yi masa ɗure.

In kin ga kaurin ya yi masa yawa, akwai dabara. Ki barbaɗa ɗan garin hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya, ki motsa tun kunun yana da ɗumi. Zai saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai ki mai da shi wuta ya sake tafasa, ya huce, sannan ki bayar.

A shekarar 2005, da yunwa ta tsananta a jihar Maradi, likitoci sun yi jinyar dubban yara masu tamowa da wani abinci na cikin leda, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da sukari da mai. Mai kauri ne ƙwarai, ba a ma dama shi da ruwa.

Amma akwai inda ba a kaurarawa. In yaro yana zawo aka ba ku ƙunshin gishiri da sukari, ƙunshi 1 cikin ruwa mai tsabta lita 1 ake zubawa. Kada a rage ruwan wai don maganin ya yi ƙarfi. Gishirin zai yi yawa, ya cuci yaro.

Ga aikin gida. Ku rubuta waɗannan layuka 3, ku kai wa malaminku ya duba:

Inna ta kaurara kunu da gyaɗa.
Igiyar rijiya tana da kauri.
Tukunya ta ƙone, ina jin ƙauri.

Ku ja layi ƙarƙashin k, ku zagaye ƙ. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.